Jafan: Fitila a Gida, Mai a Ƙetare

A wajajen farkon watan Nuwamba na shekarar 1973, matan aure a wata unguwa da ke bayan birnin Osaka na ƙasar Jafan suka yi sammako, suka ja dogon layi a ƙofar wani kanti, kowacce tana neman sayen takardar bayan gida. Kafin rana ta ɗaga an kwashe ta ƙaƙaf. Cikin 'yan kwanaki rububin ya bazu a faɗin ƙasar, ya shafi sabulun wanki da sukari. Babu masana'antar takarda da ta ƙone, babu kuma ma'aikatan da suka shiga yajin aiki. Abin da ya tayar wa jama'a hankali ya faru ne a wata duniya mai nisan dubban kilomitoci. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila a watan Oktoba, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage haƙo shi, farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kimanin dala 12 cikin 'yan watanni. Ba lalle ne matar da ke kan layi ta iya nuna mashigin Hormuz a taswira ba, amma ta san cewa duk abin da ke cikin kantin nan da mai aka sarrafa shi, da mai aka kawo shi, man kuwa ba na gida ba ne.

Jafan tarin tsibirai ce a gabashin Asiya, mai mutane kimanin miliyan 124, kuma tana cikin manyan ƙasashe masu masana'antu a duniya. Sai dai ƙasarta ba ta da ɗanyen mai ko iskar gas na a-zo-a-gani. Kwal ɗin da take da shi yana da zurfi da tsadar haƙa, har ta kai babbar mahaƙarta ta Miike ta rufe a 1997. A shekarar 2022, kashi 13 cikin ɗari kawai na makamashin da ƙasar ta yi amfani da shi ne aka samar a cikin gida. Saura duk saye ne, kuma duk ta teku yake zuwa, domin babu bututu ko wayar lantarki da ta haɗa Jafan da wata ƙasa. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen manta daga Gabas ta Tsakiya yake fitowa. Jirgin dakon mai kan taso daga Saudiyya ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya ratsa mashigin Hormuz, ya keta Tekun Indiya, ya bi ta mashigin Malaka, ya yi kimanin mako uku kafin ya isa.

Duk da haka, a lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta na farko kan ci gaban ɗan Adam a 1990, Jafan ce ta zo ta ɗaya. Ma'aunin da aka yi amfani da shi, wanda masanin tattalin arziki ɗan Pakistan Mahbub ul Haq ya jagoranci ƙirƙiro shi tare da Amartya Sen na Indiya, yana duba abubuwa uku ne: tsawon rai, ilimi, da abin da mutum ke samu. A 1947, matsakaicin tsawon ran namiji a Jafan shekara 50 ne, na mace 54. Yanzu namiji na kai wajen 81, mace wajen 87. A waccan shekara, cikin jarirai dubu da aka haifa, kimanin 77 ba sa cika shekara guda. Yanzu ba su kai biyu ba. Wannan tarihi ya isa ya rushe wani tunani da ya zauna a kawunan ɗalibai da yawa, wai ƙasa tana ci gaba ne gwargwadon abin da ke binne a ƙarƙashinta. Abin da asibiti da makaranta da masana'anta ke bukata shi ne wuta mai zuwa kullum, a farashin da ake iya biya. Ɗakin tiyata bai damu da ko gas ɗin da ya kunna fitilarsa daga ina aka sayo shi ba.

Yana da kyau mai karatu ya ga ta inda makamashi ke shiga rayuwar mutum, domin ba a masana'anta kaɗai yake aiki ba. A shekarun 1950 burin kowane magidanci a Jafan shi ne ya mallaki abubuwa uku: injin wanki, firiji da talabijin. Injin wanki ya 'yanta mata daga sa'o'in durƙuso a kan kwarya. Firiji ya rage dogaro da abincin da ake adanawa da gishiri mai yawa, likitoci kuma suna danganta wannan da raguwar sankarar ciki, wadda a da take yi wa Jafanawa ɗauki ɗai-ɗai. Famfo mai tura tsabtataccen ruwa, da sanyin da ke kiyaye allurar rigakafi, da jirgin ƙasa mai kai yaro makaranta a kan lokaci, duk wuta suke ci. Masu bincike da suka jera ƙasashe bisa yawan lantarkin da kowane mutum ke amfani da shi sun lura cewa ma'aunin ci gaba yana tashi da sauri ƙwarai da farko, sannan idan an kai wajen kilowat-awa 4,000 ga mutum a shekara, sai tashin ya yi sanyi. Jafan ta wuce wannan mataki tun da daɗewa. Amma Bajafane yana amfani da kusan rabin makamashin da Ba'amurke ke amfani da shi, kuma ya fi shi tsawon rai da shekaru da dama. Ashe bayan an ƙoshi, ƙarin tuwo ba ya ƙara lafiya.

Jafan ta taɓa gwada magance rashin mai da bakin bindiga. Kafin 1941, kimanin kashi 80 cikin ɗari na man da take amfani da shi daga Amurka take saye. Da Amurka ta hana sayar mata a watan Agusta na wannan shekara, saboda mamayar da take yi a Sin da yankin Indocaina, shugabannin sojanta suka zaɓi su ƙwace rijiyoyin mai na Sumatra da Borneo, waɗanda a lokacin suke hannun Turawan Holan. Harin Pearl Harbor na watan Disamba share fage ne na wannan shiri. Rijiyoyin sun shiga hannu, amma jiragen yaƙin Amurka na ƙarƙashin teku suka riƙa nutsar da jiragen dakon man tun kafin su isa gida. Yaƙin ya ƙare a 1945 da biranen Jafan a toka.

Bayan yaƙi aka sake gini da kwal na gida da madatsun ruwa. Madatsar Kurobe, wadda aka kammala a 1963, ta ci rayukan ma'aikata 171. A 1960 ƙasar tana samar da fiye da rabin makamashinta da kanta. Sai man Gabas ta Tsakiya ya zo da araha, aka bar kwal aka koma masa, tattalin arziki ya riƙa haɓaka da kusan kashi 10 cikin ɗari kowace shekara. Ba kyauta aka samu wannan ba, domin hayaƙin matatun mai na garin Yokkaichi ya sa wa ɗaruruwan mutane ciwon asma, har kotu ta kama kamfanonin da laifi a 1972. Zuwa 1973, kashi uku cikin huɗu na makamashin Jafan mai ne. Shi ya sa da farashi ya ninka sau huɗu, hauhawar farashin kayayyaki ta haura kashi 20 cikin ɗari a 1974, tattalin arziki kuma ya ja da baya a karon farko tun bayan yaƙi. An kashe fitilun talla a unguwar Ginza ta Tokiyo, gidajen talabijin suka daina shirye-shiryen tsakar dare.

Matakan da aka ɗauka bayan wannan girgiza su ne suka fi cancantar nazari, kuma mafi amfaninsu shi ne wanda ba shi da ƙyalli. An kafa dokar ajiyar mai a 1975, wadda ta wajabta wa kamfanoni su riƙe man da zai isa kwanaki masu yawa, gwamnati kuma ta fara tata ajiyar a 1978, a manyan tankuna a bakin teku, da kogunan da aka fafe cikin dutse, da tankunan da ke yawo a kan ruwa. A shekarar 2023 jimillar ajiyar ta haura ta kwana 200. An kuma raba ƙafa wajen saye. Tun 1969 jirgin farko na iskar gas da aka daskarar ya iso Yokohama daga Alaska. Dabarar ita ce a sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri, sai ya zama ruwa, girmansa ya ragu sau 600, ya shiga jirgi. Jafan ta shafe shekaru da dama tana kan gaba a duniya wajen sayen irin wannan gas, daga Ostareliya da Malesiya da Ƙatar da Rasha, har ma da wani kaso kaɗan daga tsibirin Bonny na Nijeriya. Yau kason mai a makamashin ƙasar ya sauko ƙasa da kashi 40 cikin ɗari.

Amma babban aikin tsimi ne. Dokar tattalin makamashi ta 1979 ta tilasta wa manyan masana'antu su naɗa jami'i mai kula da makamashi, su auna abin da suke ci, su kai rahoto. Masu narka ƙarfe suka koyi kama zafin da a da yake tashi a banza, su mayar da shi lantarki. Masana'antar da ba ta iya jurewa aka bar ta ta mutu: narka sanholo, wanda ke cin wuta fiye da kima, ya ragu daga fiye da tan miliyan guda a shekara zuwa kusan babu, jari da ma'aikata suka koma ga motoci marasa shan mai da kayan lantarki. A ƙarshen shekarun 1990 aka ƙara wata dabara mai sauƙin fahimta. A duba firiji ko na'urar sanyaya ɗaki ko motar da ta fi kowacce tsimi a kasuwa, sai a mayar da ita ma'auni, a ba sauran kamfanoni wa'adin 'yan shekaru su kamo ta. Daga 1973 zuwa 'yan shekarun nan tattalin arzikin Jafan ya ninka kusan sau biyu da rabi, amma makamashin da ake amfani da shi ya ƙaru da kaɗan ne, na masana'antu ma ƙasa ya yi. Gangar man da ba a ƙona ba, ba ta bi ta Hormuz ba, ba a biya ta da dala ba, kuma babu mai iya hana sayar da ita. Idan akwai rijiyar mai da Jafan ta haƙa a cikin gidanta, to wannan ce.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen neman gwarzo guda da zai raba ƙasar da dogaro baki ɗaya. Gwarzon shi ne makamashin nukiliya. Hujjar tana da ƙarfi: ko da yake yuraniyam ma saye ake yi, ɗan kaɗan ne ke isa, kuma tukunyar nukiliya kan yi fiye da shekara tana aiki da lodi guda. Daga tashar Tokai ta 1966, adadin tukwanen ya kai 54 a farkon 2011, suna ba da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lantarkin ƙasar, gwamnati kuma tana shirin kai shi rabi kafin 2030.

Ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a ƙarƙashin teku, arewa maso gabashin Jafan. Ambaliyar teku da ta biyo baya, wadda ake kira tsunami, ta hallaka ko ta ɓatar da mutane kimanin 18,000. A tashar Fukushima Daiichi tukwanen da ke aiki sun kashe kansu nan take kamar yadda aka tsara. Sai dai tukunyar nukiliya ba kamar murhu ba ce. Ko an kashe ta, man da ke ciki yana ci gaba da fitar da zafi, dole famfuna su riƙa zagaya ruwa. An gina kariyar tashar don igiyar ruwa mai tsayin ƙasa da mita 6, wadda ta zo kuwa ta kai wajen mita 14. Ruwa ya shanye janaretocin ko-ta-kwana, waɗanda yawancinsu a ƙasan gini aka ajiye, famfuna suka tsaya, tukwane uku suka narke. Mutane fiye da 150,000 suka bar gidajensu. Kwamitin bincike na majalisar dokoki, ƙarƙashin Kiyoshi Kurokawa, ya yanke a 2012 cewa bala'in aikin ɗan Adam ne. Tun 2008 lissafin cikin gida na kamfanin TEPCO ya nuna cewa igiya mai tsayin fiye da mita 15 tana iya zuwa, aka ajiye takardar. Hukumar da ke sa ido kan tashoshin kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta shi ne tallata nukiliya. Wato an ba kura ajiyar nama.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Ɗaya bayan ɗaya aka rufe tukwanen, kuma daga Satumba 2013 zuwa Agusta 2015 babu ko guda da ke aiki. Jama'a sun nuna juriya mai ban sha'awa. A bazarar 2011 an umurci manyan masu amfani da wuta a yankin Tokiyo su rage kashi 15 cikin ɗari, masu ƙera motoci suka mayar da hutun mako ranakun Alhamis da Juma'a don a rarraba nauyi, ofisoshi suka rage fitilu. Amma tsimi kaɗai ba ya cike giɓin kashi ɗaya cikin huɗu. An cike shi da gas da kwal da mai, har kasonsu a lantarki ya kusa kashi 90 cikin ɗari. Abin da ƙasar ke samarwa da kanta ya faɗo daga kashi 20 a 2010 zuwa kashi 6 a 2014. A 2011 kuɗin abin da Jafan ta sayo daga waje ya zarce na abin da ta sayar, a karon farko tun 1980, kuɗin wuta kuma ya tashi.

A nan ne batun ya koma kan rayuwar mutum. Kusan kashi 29 cikin ɗari na Jafanawa sun kai shekara 65 ko sun haura. A shekarun da zafi ya tsananta, kamar 2010 da 2018, fiye da mutum dubu sun mutu saboda shi, galibinsu tsofaffi, da yawa a cikin ɗakunan da babu na'urar sanyaya ɗaki ko akwai amma ba a kunna ba. Ga tsohuwar da ke rayuwa da kuɗin fansho, tashin kuɗin wuta yana nufin ta zauna cikin zafi ko cikin sanyi. A jihar Fukushima kanta, mutane fiye da 2,000 ne hukuma ta lissafa cewa sun mutu saboda wahalar hijira da katsewar jinya, alhali waɗanda aka danganta mutuwarsu da tururin nukiliya kai tsaye ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta. Wannan ba wanke nukiliya ba ne, domin akwai garuruwan da har yau ba su koma yadda suke ba, kuma aikin kwance tashar zai ɗauki gomman shekaru. Abin nufi shi ne, rufe tasha ma yana da nasa mamatan, sai dai su ba sa fitowa a talabijin.

Saboda haka matakin da Jafan ta ɗauka, na kafa sabuwar hukumar sa ido mai cin gashin kanta a 2012, da sake kunna tukwanen da suka ci jarrabawarta kaɗai, mataki ne na hankali. An fara da tashar Sendai a 2015, zuwa ƙarshen 2024 an kunna 14. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashin gas a 2022, giɓin cinikin Jafan ya kai kimanin yen tiriliyan 20, mafi girma a tarihinta zuwa lokacin, ya kuma tuna wa kowa cewa gas ba kamar mai ba ne. Yana ƙafewa a tanki a hankali, ajiyarsa ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku. Amma masu murna da dawowar nukiliya su ma su yi hattara. Tukunyar Monju, wadda aka yi fatan za ta riƙa samar da man nukiliya fiye da wanda take ci, ta laƙume fiye da yen tiriliyan guda, ba ta yi aikin kirki ba, aka yanke rufe ta a 2016. Masana'antar sake sarrafa man nukiliya ta Rokkasho, da aka fara ginawa a 1993, an ɗage buɗe ta fiye da sau ashirin. Tsarin makamashi da gwamnati ta amince da shi a watan Fabrairu na 2025 ya ba nukiliya kimanin kashi 20 cikin ɗari na lantarki zuwa 2040, ya ba makamashi mai sabuntuwa kashi 40 zuwa 50. Wannan ya fi mafarkin rabi kusa da gaskiya.

Abin da ke da wuyar yafewa shi ne sakaci da abin da ke cikin gida. Jafan tana zaune a kan duwatsu masu aman wuta, kuma ita ce ta uku a duniya, bayan Amurka da Indunusiya, wajen arzikin zafin ƙarƙashin ƙasa, wanda ake iya juya injin lantarki da tururinsa dare da rana. Kamfanoninta irin su Toshiba da Mitsubishi da Fuji Electric su ne ke ƙera yawancin injinan wannan aiki a duniya, har da waɗanda ke aiki a Olkaria ta ƙasar Kenya, inda zafin ƙasa ke ba da kaso mai tsoka na wutar ƙasar. A Jafan kuwa bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Dalilan sanannu ne: yawancin wuraren suna cikin gandun daji na gwamnati, masu masaukai a maɓuɓɓugan ruwan zafi kuma suna tsoron kada haƙa ta ƙafar musu da ruwa. Tsoron ba na banza ba ne, amma abu ne da awo da yarjejeniyar diyya za su iya warwarewa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Hasken rana ya fi samun gata, domin tun da aka kafa dokar sayen wutarsa da farashi mai tsoka a 2012 ya kai wajen kashi 10 cikin ɗari na lantarki. Sai ga shi tun 2018 a tsibirin Kyushu ana umurtar masu allunan sola su katse wutarsu a wasu ranaku, saboda ta yi yawa kuma wayoyin da za su kai ta wasu yankuna ba su isa ba.

Matsalar wayoyin tana da tarihi mai ban dariya, in ba don illarta ba. A tsakiyar shekarun 1890, kamfanin wuta na Tokiyo ya sayo janaretoci daga Jamus, masu juya wuta sau 50 a daƙiƙa, na Osaka kuma ya sayo daga Amurka, masu juya ta sau 60. Har yau gabashin Jafan na kan 50, yammaci na kan 60, iyakar tana wajajen kogin Fuji. Wutar wani ɓangare ba ta shiga ɗaya sai ta bi ta tashoshin sauyi. A watan Maris na 2011, lokacin da ake raba wa unguwannin yankin Tokiyo duhu bi da bi, tashoshin yammaci suna da rarar wuta, amma ƙofar da ke tsakani ba ta wuce megawat 1,000 ba, alhali giɓin ya ninka haka sau da yawa. A watan Satumba na 2018 girgizar ƙasa ta tsayar da babbar tashar kwal ta Tomato-Atsuma, sai dukkan tsibirin Hokkaido, gidaje kusan miliyan uku, ya faɗa duhu, domin rabin wutarsa daga wannan tasha guda take fitowa, wayar da ta haɗa shi da babban tsibiri kuma siririya ce. An faɗaɗa ƙofar gabas da yamma zuwa megawat 2,100 a 2021, da shirin kai ta 3,000. Amma ko a ranar 22 ga Maris, 2022, da wata girgiza ta tsayar da tashoshi kuma sanyi ya sauko, sai da gwamnati ta roƙi mutanen Tokiyo su kashe fitilu su rage ɗumama ɗaki don kada birnin ya ɗauke gaba ɗaya. Yankin Tokiyo kaɗai yakan ci fiye da megawat 50,000 a ranar da bukata ta kai ƙololuwa.